Neman modem ɗin USB da zai yi aiki a Linux

Kwamfutar ta tebur ce, Debian 12 a kanta, babu Wi-Fi a jikinta, kuma ofishin da take babu wayar intanet da ta shigo. Abin da ya rage shi ne modem ɗin USB, irin wanda ake sa wa layin waya a soka shi a ƙofar da ake sa filashi. Yawancin waɗannan modem suna aiki a Linux, amma sunan da ke jikin kwali ba zai gaya maka wanne ne zai yi ba. Sai ka samu biyu masu suna ɗaya, launi ɗaya, tambari ɗaya, wannan ya hau nan take, wancan ko gezau. Bambancin yana cikin manhajar da aka zuba musu a ciki, ita kuwa ba a ganinta sai an soka.

Don haka kafin zuwa kasuwa na tattaro tsofaffin modem da ke kwance a durowa, na aro wasu, don in ga yadda kowanne ke gabatar da kansa. Taminal biyu na buɗe, wato tagar da ake buga umarni a ciki. A na farko na bar wannan umarni yana gudana:

sudo dmesg -w

Shi ne ke nuna duk abin da tsarin ya gani a daidai lokacin da aka soka na'ura. A na biyu kuma, bayan kowace sokawa, sai in buga lsusb. Abin da ake nema a amsarsa shi ne lambobi biyu da ɗigo biyu a tsakaninsu, kamar 12d1:1446. Ta farko ta kamfani ce: 12d1 Huawei, 19d2 ZTE, 1bbb Alcatel, 05c6 Qualcomm. Ta biyu kuma ta yanayin da na'urar take ciki ce a wannan lokacin, ba ta samfurinta ba. Modem ɗin da kamfanin waya ya buga wa tambarinsa, na MTN ne ko Glo ko Airtel ko tsohon Etisalat, a nan yake faɗin ainihin wanda ya ƙera shi, kuma kusan kullum Huawei ne ko ZTE.

Tsohon E173 da na fara sokawa 12d1:1446 ya nuna, dmesg kuma ya ce an samu faifan CD. Babu maganar modem ko kaɗan. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera su. Da farko suna fitowa ne a matsayin faifai mai ɗauke da manhajar Windows. Idan aka saka manhajar, direban da ta zo da shi, wato ɗan shirin da ke sa kwamfuta ta iya magana da na'ura, yakan aika wa na'urar wani ɗan saƙo, sai ta kashe kanta ta dawo da sabuwar lamba a matsayin modem. A Linux babu wancan direban, saboda haka na'urar sai ta zauna a faifai tana jira. Wanda ke aika saƙon a madadinsa shi ne usb_modeswitch, wanda Josua Dietze ya rubuta, kuma yana tafe da jerin ɗaruruwan lambobi da irin saƙon da kowace ke buƙata.

Ubuntu da Linux Mint, da Debian mai cikakken tebur, suna zuwa da shi. Wannan kwamfutar an saka mata tsarin a tsuke ne, babu shi, ga shi kuma sai da intanet za a sauko da abin da zai kawo intanet ɗin. Wayar Android ce ta fitar da ni: kebul ɗin caji mai ɗaukar data, a kunna raba intanet ta USB a saitin wayar, a duba sunan sabuwar hanyar da ta bayyana da ip link, sannan a buga sudo dhclient da wannan sunan. Daga nan:

sudo apt install usb-modeswitch usb-modeswitch-data modemmanager network-manager ppp mobile-broadband-provider-info picocom

Kada a bar ppp a baya. Tsofaffin modem na 3G da yawa da shi suke buga layi, kuma idan babu shi komai zai yi kamar ya kammala, sai an zo haɗawa abin ya faɗi ba tare da wani bayani mai gamsarwa ba.

Bayan an saka waɗannan na zare E173 na mayar. A dmesg faifan ya bayyana, cikin 'yan daƙiƙu aka ce na'urar ta fita, sannan wata sabuwa ta shigo, sai ga layuka uku masu cewa an haɗa modem a ttyUSB0, ttyUSB1 da ttyUSB2. Lambar lsusb ta canza. Wannan fita da dawowar ita ce alamar juyi ya yiwu. Lambar da ake sauka a kai ta danganta da manhajar ciki: 1446 takan koma 1001 ko 140c ko 1436 ko 1506, 14fe takan koma 1506, 1f01 kuma takan koma 14db ko 14dc. A gefen ZTE, 19d2:2000 ita ce lambar faifai da samfura masu yawa suka yi tarayya a kanta.

Idan juyin bai faru da kansa ba, ana gwada shi da hannu. Na Huawei:

sudo usb_modeswitch -v 12d1 -p 1446 -J

Na ZTE da yawa kuwa fitar da faifan kawai suke so, ko dai da -K a madadin -J, ko kuma da eject. A nan a lura: a kwamfutar tebur mai na'urar DVD, /dev/sr0 ita ce DVD ɗin, na modem shi ne /dev/sr1. Wanda ya buga eject /dev/sr0 tiren DVD ne zai fito masa, ya zauna yana mamaki.

Akwai hanyar sanin ko jerin ya san wata lamba tun kafin a sayi na'urar:

tar tzf /usr/share/usb_modeswitch/configPack.tar.gz | grep 12d1

Idan lambar tana ciki, rabin aikin ya ƙare. Idan babu ita amma juyin hannu ya yi, sai a rubuta mata fayil a /etc/usb_modeswitch.d/, sunan fayil ɗin shi ne lambar kanta da ɗigonta biyu, a ciki a sa TargetVendor da TargetProduct da irin juyin, misali HuaweiNewMode=1 ko StandardEject=1. Ga wanda ba Huawei ba ana kuma buƙatar ƙa'idar udev, sashen Linux da ke lura da na'urorin da aka soka, wadda za ta kira shirin idan an soka na'urar. Mafi sauƙi a kwafi layi ɗaya daga 40-usb_modeswitch.rules, a canza lambobin, a ajiye a /etc/udev/rules.d/. In kuma abin ya ƙi, a mayar da EnableLogging zuwa 1 a /etc/usb_modeswitch.conf, bayanin inda ya tsaya zai fito a /var/log.

Wani abu yana ruɗa mutane sosai, musamman masu Windows da Linux a kwamfuta ɗaya. Idan modem ya juya a Windows, aka sake kunna kwamfutar aka shiga Linux ba tare da wuta ta ɗauke daga ƙofar USB ba, yana nan a juye, kuma zai yi aiki lafiya lau. Washegari a kunna kai tsaye cikin Linux, ya ƙi. Mutum sai ya ce jiya ya yi, yau ya lalace, alhali jiyan ma ba Linux ne ya juya shi ba. Kashe kwamfutar ma ba lallai ya isa ba, domin kwamfutocin tebur da yawa suna barin wuta a ƙofofin USB matuƙar soket yana kunne. Gwajin gaskiya ɗaya ne: a zare modem ɗin da hannu, a jira kaɗan, a soka shi Linux yana gudana.

Juyi mataki ne na farko kawai. Abin da modem ya zama bayan ya juya shi ne ke yanke yadda za a zauna da shi, kuma a nan ne iri biyu suka rabu.

Iri na farko yana miƙa wa kwamfuta ragama. Yana fito da ƙofofin ttyUSB ta hannun direban option, sababbi kuma suna ƙara /dev/cdc-wdm0 da hanyar sadarwa mai suna wwan0 ko wani dogon suna da ya fara da wwx, ta hannun huawei_cdc_ncm ko qmi_wwan ko cdc_mbim. ModemManager ne ke magana da shi, ya sa PIN, ya nemi sabis, ya buga layi. Iri na biyu shi ne wanda Huawei ke kira HiLink. Shi ƙaramin rauta ne a cikin jikin modem: da kansa yake buga layi, kwamfuta kuwa katin intanet na waya kawai take gani ta hannun cdc_ether, ta karɓi adireshi, shi ke nan. Saitinsa a burauza ake yi, a 192.168.8.1 ga E3372h, a 192.168.1.1 ga tsofaffin E303 da E3131 masu wannan tsarin, a 192.168.0.1 ga ZTE MF823. A irin wannan mmcli -L, umarnin ModemManager mai jera modem, zai ce bai ga modem ba, kuma gaskiya ya faɗa, ba matsala ba ce. Na ga masu ɓata yini suna neman ttyUSB a modem ɗin da tuni ya ba su intanet.

E3372 shi ne misalin da ya fi nuna abin. A samfuran -153 da -607, manhajar ciki mai lamba 21 da ɗoriya ta iri na farko ce, mai 22 da ɗoriya kuma HiLink. Jiki ɗaya, hali daban. Sannan ga E3372-325 da ake sayarwa da sunan Brovi, wanda ke fitowa da 3566:2001, ba ma lambar Huawei ba. Tsofaffin jerin usb_modeswitch ba su san shi ba, kuma sai an zauna an rubuta masa ƙa'idoji da hannu. Wanda ya karanta a wani wuri cewa E3372 yana aiki a Linux ya je ya sayi wannan, ya sayi wani abu daban. Lambobin da ke bayan ɗan layin nan suna ƙarƙashin murfi, kusa da ramin sim, da ƙananan haruffa. Su ake karantawa, ba manyan haruffan kwali ba.

Akwai kuma fararen nan marasa sunan kamfani da suka cika kasuwa, masu rubutun 4G LTE da Wi-Fi a jiki. Da yawansu guntun Qualcomm MSM8916 ne a ciki da tsohuwar Android, suna fitowa ta hannun rndis_host kamar wayar da ke raba intanet, shafinsu a 192.168.100.1. Sukan hau ba tare da juyi ba. Abin da ya sa ban ɗauke su ba shi ne ba ka da tabbacin zangon da ke ciki, wato mitocin sabis da yake iya kamawa, domin jiki iri ɗaya ake sa wa allo daban-daban, kuma an sha kawo shawarar kashe RNDIS a cikin Linux saboda raunin tsaronsa. Yau yana aiki, amma ba abin da zan ɗora ofis a kai ba ne.

Wani lokaci modem ya juya, lambar ta canza, amma babu ttyUSB, saboda direban option bai san sabuwar lambar ba. Ana iya gabatar masa da ita na ɗan lokaci:

sudo modprobe option
echo 12d1 1506 | sudo tee /sys/bus/usb-serial/drivers/option1/new_id

A sa lambobin na'urar a madadin waɗannan. Yana gushewa idan an sake kunna kwamfuta, kuma yana da haɗarin direban ya kama har ɓangaren da ya kamata ya bar wa hanyar sadarwa. Na gwaji ne. Modem ɗin da sai da wannan yake aiki a tsarin da bai tsufa ba, gara a mayar wa mai shi.

Wasu modem suna ɗauke da jakar Linux a cikin faifan nasu, da shirin sakawa. Ban taɓa ta ba, kuma ba na ba da shawara. An rubuta ta ne don Linux na zamanin da aka ƙera na'urar, tana ƙoƙarin harhaɗa direban da ba ya harhaɗuwa a na yau, kuma tana barin ƙa'idojin udev nata da ke karo da usb_modeswitch. Haka ma canza manhajar ciki daga 22 zuwa 21 ko akasin haka. Ana yi, amma fayil ɗin da bai dace da samfurin ba yana kashe modem, kuma farfaɗo da shi sai an buɗe jiki. Sayen irin da ake so tun farko ya fi arha.

Kulle shi ne abu na gaba. Modem ɗin da kamfanin waya ya sayar yawanci layinsa kawai yake karɓa, kuma mai shago zai ce maka yunibasal ne ko da bai gwada ba. Ga na Huawei mai ƙofofin ttyUSB ana tambayar na'urar kanta. A fara tsayar da ModemManager, in ba haka ba shi ke riƙe da ƙofar, amsoshi su riƙa cakuɗewa:

sudo systemctl stop ModemManager
sudo picocom /dev/ttyUSB0

Idan aka buga AT, ttyUSB0 bai amsa da OK ba, a gwada na ƙarshe a jerin. ATE1 zai sa a ga abin da ake bugawa. ATI zai faɗi samfuri da lambar manhajar ciki. AT^CARDLOCK? zai dawo da lambobi uku. Ta farko in 1 ce a kulle yake, in 2 ce a buɗe, in 3 ce ya kulle har abada. Ta biyu ita ce sauran damar sa lambar buɗewa, daga 10 take farawa. Wani na hannu da na duba 1,2 ya nuna, wato an sha gwada masa lambobin da ba daidai ba, saura biyu ya mutu a kan layi ɗaya. Daga waje kuwa sabo fil. Ana fita daga picocom da Ctrl-A sannan Ctrl-X, a sake tayar da ModemManager. Ta gefen mmcli -m 0, kullen kamfani yana fitowa a matsayin ph-net-pin, PIN na layi kuma sim-pin, kada a haɗa su. A HiLink babu wannan ƙofar, sai dai a sa layin wani kamfani a buɗe shafin, in a kulle yake zai nemi lamba.

Sai zango. Wannan ba ruwansa da Linux, amma shi ne ke sa a zargi Linux a banza. Modem ya hau, an haɗu, amma yana maƙale a 3G alhali waya a gefensa tana kan 4G. A Najeriya zango na 3, wato 1800 MHz, shi ne wanda manyan kamfanoni suka fi tarayya a kai. MTN na da na 7, 2600 MHz, da na 20, 800 MHz. Glo ta fara 4G ɗinta a na 28, 700 MHz. Spectranet na kan na 40, 2300 MHz. E3372h-153 yana da 1, 3, 7, 8 da 20, ba shi da 28. E3372h-607 yana da 1, 3, 7, 8, 28 da 40, ba shi da 20. Ƙananan zangunan nan, 700 da 800, su ne suka fi ratsa bango da yin nisa, don haka a bayan gari ko a ɗaki mai rufin kwano rashinsu yana nunawa sosai. Kafin in zaɓa sai da na tsaya a inda kwamfutar take da wayar Samsung, na buga *#0011#, ta nuna zangon da layin ke kai a wannan ɗakin. Da lambar wannan zangon na tafi kasuwa.

A Kano Farm Centre da titin Beirut ne wuraren da ake samun su, sababbi da na hannu, a Abuja Banex, a Legas Computer Village. Na tafi da laftof mai irin tsarin da ke kan kwamfutar ofis da ƙunsoshin nan a sake, da layuka biyu na kamfanoni daban-daban masu data, waɗanda na riga na tabbatar a waya suna aiki kuma an haɗa su da NIN. Layin da aka rufe yana sa modem mai lafiya ya yi kamar matacce. Wanda ba shi da laftof mai Linux, filashin Ubuntu ko Mint da ake tashi daga kansa ya isa, a roƙi mai shago a tashi wata kwamfutarsa da shi. Galibin waɗannan modem babban sim suke ci, don haka a tafi da mazaunin sim mai kyau, wanda ƙaramin layin ke zama daram a ciki. Mazauni maras layi a ciki, ko mai sako-sako, yana kama ƙananan ƙarafan ramin idan an zo zarewa ya lanƙwasa su, daga nan kuma sai sim-missing, wato ba a ga layi ba, har abada.

Gwajin gaban mai shago bai fi minti goma ba: karanta samfurin a ƙarƙashin murfi, soka, kallon lambar ta canza da kanta, sa layi na farko a buɗe shafi, sa na biyu a sake buɗewa, sannan a zare a mayar a ga ko zai maimaita. Na ƙara da sauko da babban fayil na 'yan mintuna, domin modem mai raunin wuta ko mai zafi ba ya nuna halinsa a buɗe shafi ɗaya.

E3372h-153 mai HiLink na ɗauka, don zangunan da na gani a ɗakin suna cikinsa, kuma masu amfani da kwamfutar ba masu buɗe taminal ba ne. Da don na'urar da za a riƙa sarrafawa daga nesa ce, ko wadda za ta riƙa aika saƙonni da kanta, da iri na farko zan ɗauka, domin shi ne ke ba ka komai a hannu. Tsohon E173 ɗin ya zauna a matsayin na ko-ta-kwana. Iyakarsa 7.2 Mbps a takarda, E3372 kuma 150, kodayake babu wanda ke ganin waɗannan lambobin a zahiri. Haɗa E173 ɗin umarni ɗaya ne, mai ƙarewa da APN, wato sunan hanyar intanet ta kamfanin waya, a nan na MTN:

sudo nmcli connection add type gsm ifname '*' con-name mtn apn web.gprs.mtnnigeria.net

Na Glo gloflat ne, na Airtel internet.ng.airtel.com. Idan mmcli -m 0 ya nuna registered amma haɗin yana faɗuwa, a fara duba APN harafi bayan harafi. In daidai yake, a kashe IPv6 a wannan haɗin da nmcli connection modify mtn ipv6.method disabled, domin wasu tsofaffin modem ba sa fahimtar buƙatar adireshi iri biyu a lokaci guda. Ƙarfin sigina kuma AT+CSQ ke faɗa, daga 0 zuwa 31, 99 na nufin bai sani ba. A ninka lambar sau biyu a cire daga 113, a sa alamar ragi, an samu dBm, ma'aunin ƙarfin sigina: 10 ya zama -93, 20 ya zama -73. Ƙasa da 10 wahala ce.

Da aka kai sabon modem ɗin ofis aka soka a ƙofar gaba, ya hau, amma da an fara sauko da abu mai nauyi sai ya yanke, dmesg ya nuna ya fita, ya dawo a faifai, ya sake juyawa. Wannan zagayen alamar ƙarancin wuta ce, ba direba ba. Ƙofar USB 2.0 an tsara ta ta ba da 500 mA, ta 3.0 kuma 900 mA, modem kuwa yana ƙara jan wuta idan sigina ya yi rauni, don sai ya ɗaga murya kafin turken sabis ya ji shi. Ƙofofin gaba na kwamfutar tebur ta siririyar waya suke zuwa daga allo, wuta tana raguwa a hanya. Na mayar da shi ƙofar baya mai shuɗin ciki, yankewar ta tsaya. Sai dai bayan kwamfuta, tsakanin ƙarfe da bango, shi ne wuri mafi muni ga sigina. Kebul ɗin ƙari mai kauri na mita biyu ya kai shi bakin taga, a inuwa, ba inda rana ke dukansa ba. Ƙa'idar USB 2.0 ta yarda da mita biyar, amma siraran kebul na arha tun kafin nan suke zubar da wuta, sai matsalar ta dawo. Inda ake buƙatar nisa, mahaɗar USB mai nata cajan ita ce magani, ko eriya ta waje, tunda wannan samfurin yana da ramukan CRC9 guda biyu a gefe. A laftof kuma, idan yankewar tana zuwa ne lokacin da ba a amfani da intanet, tsimin batir ne ke sa ƙofar barci, kuma usbcore.autosuspend=-1 a layin GRUB, shirin da ke tayar da Linux, yana hana shi.

HiLink yana da nasa halin da sai an zauna da shi ake gani. Tunda katin waya tsarin ke ɗaukarsa, NetworkManager yana fifita shi a kan Wi-Fi: awon hanyar waya 100 ne, na Wi-Fi 600, na modem na gaskiya 700, kuma ƙarami ne ke cin nasara. Laftof da ke kan Wi-Fi na kyauta, da an soka masa HiLink, duk zirga-zirga ta koma kan datar da aka saya. Bugu da ƙari tsarin bai san data ce mai ƙarewa ba, sai ya saki sabuntawa. Magani shi ne a nemo sunan haɗin da nmcli connection show, sannan:

sudo nmcli connection modify "sunan haɗin" connection.metered yes ipv4.route-metric 800

A Ubuntu a ƙara da sudo snap set system refresh.metered=hold. Adireshin ma yana iya karo: MiFi na Huawei shi ma 192.168.8.1 yake amfani da shi, rautoci da yawa kuma 192.168.1.1. In biyu suka haɗu a kwamfuta ɗaya, shafin saiti ɗaya ne kawai zai buɗe, intanet ɗin ya riƙa rawa. Sai a canza na ɗaya daga cikinsu. Kuma modem biyu iri ɗaya sukan zo da adireshin MAC guda, shi ya sa sunan enx0c5b8f279a64 yake fitowa a kwamfutocin mutane daban-daban. Wanda ke son soka biyu a lokaci guda don layuka biyu, gara ya haɗa samfura mabambanta.

Duba data da sayenta ba sai an zare layi an sa a waya ba. Tun 2023 lambobin sun zama ɗaya a duk kamfanonin Najeriya: *310# kuɗin da ya rage, *312# sayen data, *323# sauran data. A iri na farko:

mmcli -m 0 --3gpp-ussd-initiate="*323#"

Saƙonnin da suka shigo kuma --messaging-list-sms ke jera su, ko a saka modem-manager-gui ga mai son dannawa da linzami. A HiLink shafin burauza ne ke da wurin saƙonni, wasu manhajojin har da wurin buga waɗannan lambobi, wasu babu, wannan ma abin dubawa ne a shago. Lambobin ba sa tafiya a kan 4G zalla a irin waɗannan modem, sai na'urar ta sauka 3G ko 2G na ɗan lokaci ta aika. Idan aka ƙulle ta a 4G kaɗai don hana ta sauka, intanet zai yi kyau amma *323# zai yi shiru. A mayar da zaɓin sabis kan na kai-da-kai, a buga lambar, sannan a sake ƙullewa.